Tambaya ga waɗanda suka taɓa kallon besbol a filin Yankee: ya dace in je da yaro?

Baban Sadiƙu, daga Bronx:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga filin wasa na Yankee da ke Bronx a birnin New York domin kallon besbol. Gidana ba shi da nisa da filin, kuma jirgin ƙasa mai lamba 4 da nake hawa zuwa wurin aiki ta gefensa yake ratsawa, amma ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. Ni mutumin ƙwallon ƙafa ne tun ƙuruciya, kuma duk lokacin da na ci karo da besbol a talabijin, abin da nake gani shi ne mutane a tsaitsaye, wani yana jifa, wani yana riƙe da sanda, ban san wanda yake ci ba balle wanda ake ci.

Abin da ya kawo tambayar shi ne ɗana mai shekara 11. A nan aka haife shi, ya shiga ƙungiyar besbol ta yaran unguwa, ya haddace sunayen 'yan wasa da lambobin rigunansu, kuma tun bara yake roƙona in kai shi ya ga Aaron Judge, gwanin ɗan wasan ƙungiyar Yankees masu filin, da idonsa. Na yi masa alkawari cewa bana za mu je in Allah ya yarda. Ba na so in zauna kusa da shi kamar baƙo, yana ta murna ni kuwa ban san abin da ake yi wa murnar ba.

Saboda haka ina roƙon a bayyana mini yadda wasan yake gudana da abin da ya kamata mutum ya sa wa ido, da wurin zaman da ya fi dacewa da mai yaro wanda kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin ma'aikaci ba, da abin da ake bari a shiga da shi. Ina kuma son jin yadda 'yan'uwa Musulmi suke yi da salla da abinci idan sun je. Na gode ƙwarai.

Alhaji Ɗan Kumasi, daga Bronx:

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Baban Sadiƙu, ka kyauta da ka yi wa yaron nan wannan alkawari, Allah ya ba ka ikon cikawa. Na daɗe ina zuwa kallon wasan nan, tun filin yana tsohon wurinsa a tsallaken titi na 161, inda aka yi wasa daga 1923 zuwa 2008, kafin a koma sabon ginin a 2009. Inda tsohon yake yanzu ya zama filin wasan jama'a, kuma ba mamaki ɗanka ya taɓa buga wasa a kan wannan ƙasa.

Shawarata ta farko ita ce ka bar idon ƙwallon ƙafa a gida. A ƙwallon ƙafa kowa gudu yake yi, ido kuma yana bin ƙwallo duk inda ta nufa. A besbol kuwa, zuciyar wasan tana tsakanin mutum biyu, mai jifa da mai bugu, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ƙafa 60 da inci 6 ce, wato mita 18 da 'yan kai. Ƙwararren mai jifa yana sakin ƙwallo da gudun mil 95 a awa, sama da kilomita 150 ke nan, ta yadda ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta iso. A cikin wannan ɗan taƙin mai bugu zai tantance ko a miƙe take tafe, ko za ta lanƙwashe ta faɗi a gabansa, ko kuwa rage mata gudu aka yi domin a yaudare shi ya kai bugu da wuri, sannan ya zaɓi bugawa ko ƙyalewa. Wanda ya taɓa kallon dambe ya san yadda 'yan dambe kan daɗe suna zagaya juna, kowa yana auna abokin karawarsa kafin ya kai naushi, kuma masana dambe ba sa ɗaukar wannan zagayen a matsayin ɓata lokaci. Tsaitsayen da kake gani a talabijin irin wannan aune-aunen ne.

Ƙa'idojin da kake buƙata ba su da yawa. Kowace ƙungiya tana sa mutum 9 a fili, wasa kuma turmi 9 ne. A kowane turmi baƙi ne suke fara bugu, masu gida suna tsaron fili, har sai an fitar da mutum uku daga cikin masu bugun, sannan a yi musaya. Akwai zango huɗu da aka jera a murabba'i, ƙafa 90 tsakanin kowanne da na gabansa, na huɗun shi ne gida, inda mai bugu yake tsayawa, kuma ana samun maki ɗaya ne idan mutum ya taka zango na ɗaya da na biyu da na uku ya dawo gida ba a fitar da shi ba. Idan jifa ta bi ta saman farantin gida, wato ɗan faifan da ke ƙasa a gaban mai bugu, tsakanin gwiwar mai bugu da ƙirjinsa, bai buga ba, ko kuma ya kai bugu ya kuskure, alƙalin da ke tsaye a bayan mai cafewa, wanda yake tsugune a bayan mai bugu yana karɓar jifa, zai ƙirga masa sitiraik, uku suka cika ya fita. Idan jifar ta kauce shi kuma ya ƙyale ta, wannan ita ce bol, huɗu suka cika sai ya taka zuwa zango na ɗaya kyauta. In ya buga aka cafe a sama kafin ta taɓa ƙasa, ya fita, haka nan in an riga shi kai ƙwallo zango na ɗaya. In kuwa ya ɗirka ta ta tsallake katangar baya, wannan shi ne hom-ron, shi da duk wanda ke kan zango za su taka zuwa gida babu mai tare su. Allon maki yana nuna adadin bol da sitiraik da waɗanda aka fitar, kuma idan kana duba waɗannan lambobi uku kafin kowace jifa, ka gama fahimtar rabin wasan.

Ka shirya wa yaron zuciyarsa a kan abu ɗaya. Bugun nan yana da wuya ƙwarai, har ɗan wasan da yake dacewa sau 3 cikin 10 ana lissafa shi cikin gwanaye. Judge, wanda ya buga hom-ron 62 a 2022 ya wuce tarihin 61 da Roger Maris ya kafa a 1961, yana iya fitowa sau huɗu a rana ɗaya ya koma ba tare da ya taɓa zango ba. Kowace ƙungiya wasa 162 take yi a shekara, 81 a gida, saboda haka babu gwanin da ba ya samun ranar da hannunsa ya yi sanyi.

Ku je da wuri. Yawanci ana buɗe ƙofofi awa ɗaya da rabi kafin wasa, kuma ina so ku fara da wurin da ake kira Monument Park, a bayan katangar tsakiyar fili, domin ana rufe shi saura minti 45 a fara. A can ne aka jera allunan tunawa da manyan 'yan wasan ƙungiyar da lambobin da aka daina ba kowa saboda girmama su: 3 ta Babe Ruth, 4 ta Lou Gehrig, 5 ta Joe DiMaggio, 7 ta Mickey Mantle, 2 ta Derek Jeter. Ƙungiyar Yankees ta ɗauki kofin ƙarshe na babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, sau 27, na baya-bayan nan a 2009, kuma babu wata ƙungiya da ta kusa wannan adadi. Ka lura kuma cewa 'yan wasan Yankees ba sa rubuta suna a bayan riga, lamba kaɗai ce, don haka haddar da ɗanka ya yi za ta yi muku amfani. Judge shi ne mai lamba 99, kuma tsawonsa da ya kai mita 2 ba zai bari ya ɓace muku ba.

Akwai abin da talabijin ba ta iya nunawa. Lokacin da kuka haura matakala kuka fito ta ƙofar sashenku, fili zai buɗe a gabanku gaba ɗaya, ciyawa shar an aske ta layi-layi, jar ƙasar tsakiya ma'aikata suna yayyafa mata ruwa da tiyo suna share ta, fararen layuka sun miƙe daga gida har katanga. Idan mai jifa ya fara gwada hannu za ka ji ƙarar ƙwallo tana faɗawa cikin safar mai cafewa, tas, ko da kana can sama. Wanda ya zauna nesa kuma yana fara ganin sanda ta haɗu da ƙwallo kafin ƙarar ta iso kunnensa, kuma da jin ƙarar kaɗai tsofaffin 'yan kallo sukan miƙe, domin sun san bugun da zai tsallake katanga. Amma lokacin da na fi so shi ne idan an fitar da mutum biyu, akwai mutane a kan zanguna, allo yana nuna bol uku da sitiraik biyu. A nan babu sauran wurin ɓuya ga mai jifa ko mai bugu. Mutum sama da dubu arba'in za su miƙe suna tafi a tare, mai jifa ya tsaya yana duban mai cafewa, masu gudu su zabura da zarar ya ɗaga ƙafa, kuma jifa ɗaya ce za ta raba gardama. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake cewa babu abin da ke faruwa a besbol ba.

Game da wurin zama, ni a bencinan bayan fili na ɓangaren dama nake zama, wajen sashe na 203. Suna cikin mafi araha, kuma a nan ne ake yin al'adar kiran suna. Da zarar an yi jifar farko, mutanen wurin sukan rera sunan kowane mai tsaron fili na Yankees, ban da mai jifa da mai cafewa, ɗaya bayan ɗaya suna tafi, ba sa barin mutum sai ya juyo ya ɗaga musu hannu. Katangar wannan ɓangare ita ce mafi kusa, ƙafa 314 daga gida a bakin layi alhali tsakiya ƙafa 408 ce, shi ya sa hom-ron yake yawan faɗowa ta nan. Kafin wasa ana miƙewa domin taken ƙasa, a tsakiyar turmi na 7 kuma kowa yakan tashi ya miƙe ƙafa ana waƙa, sannan a ci gaba.

Maman Hanifa, daga Harlem:

Assalamu alaikum. Alhaji ya warware wasan yadda ya kamata, Allah ya saka masa da alheri, amma ina neman afuwarsa, domin a kan maganar wurin zama ban bi bayansa ba. Bencinan nan babu majingina, babu rumfa, ranar Yuli kuwa idan ta buɗe a kan mutum awa uku ba ƙaramin abu ba ne. Bayan haka, wasu daga cikin masu zama a can, musamman idan abin sha ya ratsa su, sukan jefi 'yan wasan baƙi da kalaman da uwa ba za ta so ɗanta ya kwaso ba. Babban mutum irin Alhaji zai iya kau da kai, yaro kuwa kunnensa a buɗe yake.

Ni da maigidana idan za mu kai yara, benen sama muke nema, sassan da lambarsu ta fara daga 400, kuma gwargwadon yadda muka samu kusa da bayan gida. Kujeru ne masu majingina, layukan can ƙarshe suna samun inuwar rufi, kuɗinsu da sauƙi, kuma daga nan mutum yana ganin murabba'in gaba ɗaya da yadda masu tsaro suke matsawa dama ko hagu bisa ga wanda ya fito bugu. Ga mai koyo irinka, Malam, wannan ya fi amfani. A can saman akwai 'yan sassa da aka keɓe waɗanda ba a shan giya a cikinsu, sai ka duba taswirar wurin zama kafin ka saya. Kuɗin tikiti yana hawa da sauka ne bisa ga baƙin da za su zo. Idan Boston Red Sox ne, waɗanda gabarsu da Yankees ta haura shekara ɗari, ko Mets na Queens, farashi yakan tashi sosai, kuma hayaniya takan yi yawa. Ka zaɓi ƙungiyar da ba ta da wannan tarihi, za ka samu sauƙi.

Tikiti a waya yake, ta manhajar MLB Ballpark, saboda haka ka cika wayarka da caji, ka buɗe tikitin tun kafin ka iso bakin ƙofa. Ka riƙe katin banki, domin da shi ake ciniki a ciki. Ana barin mutum ya shiga da jaka mai laushi guda ɗaya wadda ba ta wuce inci 16 da 16 da 8 ba, za a bincika ta, ku kuma ku bi ta na'urar bincike. Ana barin ruwan gora na roba wanda ba a buɗe ba, in bai wuce lita ɗaya ba, kuma ana barin abincin da mutum zai ci. Wannan ya raba ni da damuwa biyu, ta tsada da ta halacci. Nakan soya kaza in yayyanka, in haɗa da burodi da yankakkun 'ya'yan itace. Naman da ake cusawa a burodi wanda suke kira hot dog shi ne abincin da aka fi sani a filayen besbol, yaro kuma zai gan shi a hannun kowa, don haka gara ka yi magana da shi tun a gida. Gyaɗa mai ɓawo da guggurun masara da ake yawo da su babu matsala, kuma ɓare gyaɗa ana kallo yana cikin al'adar wurin.

Maganar salla ita ce ta sa na fi son wasan rana. Wasannin ƙarshen mako da yawa suna farawa jim kaɗan bayan ƙarfe 1 na rana, daidai shigar azahar a watannin zafi. Tun daga 2023 da aka sa wa mai jifa agogo, wanda yanzu yake ba shi daƙiƙa 15 idan babu kowa a kan zango, 18 idan akwai, yawancin wasanni suna ƙarewa cikin kimanin awa 2 da minti 40, alhali a da sukan haura awa 3. Ke nan za ku fito kafin ƙarfe 4, la'asar kuwa a Yuni da Yuli sai wajen ƙarfe 5 take shiga, saboda haka mai gida kusa irinka zai samu azahar a cikin lokacinta. Wasan dare yakan fara ne da ƙarfe 7 da 'yan mintoci, magariba kuma a Yuni wajen 8 da rabi take yi, wato a tsakiyar wasa, kuma wanda ya fita daga filin ba a barinsa ya dawo da tikitin. In wasan dare ne ya kama, ku tafi da alwala da ƙaramar darduma mai naɗewa, ka nemi ma'aikacin wurin cikin ladabi ya nuna maka lungun da ba za ka tare wa mutane hanya ba.

Bakatsinen Chicago:

Assalamu alaikum, ina gaida Baba Alhaji da Hajiya. Yaya Baban Sadiƙu, ni a Chicago nake, filin da na sani kuma shi ne Wrigley na ƙungiyar Cubs, wanda aka gina a 1914. Katangar bayansa ta bulo ce, tsiro mai yaɗo da aka dasa a 1937 ya lulluɓe ta, babban allon makinsa na tsakiya har yau mutane ne suke shiga ciki suna sauya lambobi da hannu, kuma sai a 1988 aka sa masa fitilun wasan dare. Magoya bayan Cubs sun jira daga 1908 har 2016 kafin su sake ganin kofi, amma a tsawon wannan jira iyaye ba su daina kai 'ya'yansu filin ba. Zama da irin waɗannan mutane ne ya koya mini abin da nake so in ƙara a kan bayanin magabatana.

Za ka ga wasu 'yan kallo, galibi dattawa, riƙe da takarda da fensir suna rubutu bayan kowane mai bugu. Takardar rubuta wasa ce, ana samunta a cikin ɗan littafin shirin wasa da ake sayarwa a filin, ko ka buga ta daga intanet. Kowane mai tsaro yana da lambar gurbinsa, wadda ba ta da alaƙa da ta rigarsa: mai jifa 1, mai cafewa 2, masu tsaron zango na ɗaya da na biyu da na uku 3 da 4 da 5, wanda ke tsakanin zango na biyu da na uku 6, masu tsaron baya kuma daga hagu zuwa dama 7 da 8 da 9. Idan an fitar da mutum da sitiraik uku sai a rubuta K. Idan an rubuta 6-4-3, ma'anarsa na 6 ya tsinci ƙwallo a ƙasa ya jefa wa na 4, shi kuma ya taka zango ya wurga wa na 3, an fitar da mutum biyu a bugu ɗaya. Wannan salo yana cikin mafi kyawun abin da ake gani a fili, domin duka bai wuce daƙiƙa huɗu zuwa biyar ba, kuma na tsakiyan yakan yi jifar ne mai gudu yana zamewa zuwa ƙafafunsa. Shawarata ita ce ka ba Sadiƙu fensir ɗin, shi ya rubuta, kai kana tambayarsa dalilin kowace alama. Da haka idonka ba zai bar wasan ba, shi kuma zai ji daɗin cewa yau shi ne yake koyar da mahaifinsa.

Idan kun shiga wurin tunawa da Baba Alhaji ya ambata, ka nuna masa lamba 42. Ita ce ta Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya shingen wariyar launi a babbar gasar ranar 15 ga Afrilu, 1947, sanye da rigar Brooklyn Dodgers, a daidai wannan birni da kuke zaune. Kafin wannan rana an shafe shekaru da dama baƙaƙen fata suna buga tasu gasar dabam, komai gwanintarsu. Ya sha zagi daga 'yan kallo da wasu 'yan wasa, ya daure, aka kuma zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa a wannan shekara. A 1997 aka daina ba kowa lambar a dukkan ƙungiyoyin gasar, sai waɗanda suke sanye da ita a lokacin, na ƙarshensu kuwa shi ne Mariano Rivera na Yankees, mutumin Panama, wanda ya ajiye wasa a 2013. Duk ranar 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa 42 yake sawa. Yaro baƙar fata da yake riƙe da sandar besbol a Bronx ya cancanci ya ji wannan tarihi daga bakin ubansa. Ka gaya masa kuma cewa a 2017 Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya buga wa Pittsburgh Pirates, kuma a fitowarsa ta farko ya samu bugu mai kyau ya kai zango.

In kun ji daɗin wannan zuwan amma aljihu ba zai ɗauki maimaitawa ba, akwai ƙaramar ƙungiyar Brooklyn Cyclones a Coney Island, inda matasan 'yan wasan Mets suke gogewa. Tikitinsu ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma kujerun suna dab da fili.

Baban Sadiƙu, daga Bronx:

Alhaji, Hajiya, da ƙanena na Chicago, Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a. Na karanta wa Sadiƙu bayanin takardar rubuta wasa, ya ce ya san lambobin amma bai taɓa rubutawa ba, kuma tuni ya nemo fensir. Mun tsayar da wasan rana a benen sama, Alhaji ya yi mini afuwa a kan bencinan zuwa wani lokaci. Saura tambaya uku. Idan ruwan sama ya sauko, yaya ake yi da tikiti? Idan turmi 9 ya cika maki yana daidai, canjaras ake tashi? Sannan mahaifiyarsa tana fargabar ƙwallon nan mai tauri da ke faɗawa cikin 'yan kallo, shin akwai haɗari?

Alhaji Ɗan Kumasi, daga Bronx:

Babu komai Baban Sadiƙu, Hajiya ta fi ni gaskiya a kan abin da ya shafi yaro. Besbol ba a yinsa cikin ruwa mai ƙarfi. Idan ya sauko ana tsakiyar wasa, alƙalai sukan dakatar, ma'aikata su ruga su warware wata ƙatuwar tamfol su rufe jar ƙasar, jama'a kuma su koma ƙarƙashin rufi su jira. Kada ku yi saurin tafiya, domin sau da yawa ana dawowa bayan awa ɗaya ko fiye. In an kammala turmi 5, ko huɗu da rabi masu gida suna gaba, wasan ya ƙirgu ko da ba a dawo ba. In kuwa an ɗage shi tun ba a fara ba, akan sanya wata rana, kuma yawanci tikitinka ne zai shigar da kai, saboda haka kada ka goge shi daga waya, ka kuma bi sanarwar ƙungiyar.

Canjaras babu shi. Ana ƙara turmi na 10, na 11, har sai an samu mai rinjaye, kuma a wasannin kaka na yau da kullum ana fara kowane ƙarin turmi da mai gudu a kan zango na biyu domin a gama da wuri. Ka sani kuma cewa idan masu gida suna gaba bayan baƙi sun gama bugunsu na turmi na 9, wasa ya ƙare a nan, ba sa buƙatar nasu bugun. In kuwa suna baya ko ana daidai, suka wuce gaba a bugunsu na ƙarshe, nan take ake tashi, 'yan wasa su kwararo fili da gudu. Saboda irin wannan ne nake hana mutane bin masu fita a turmi na 8 don gudun cunkoso.

Ka kwantar wa mahaifiyarsa da hankali. Akwai raga a bayan gida wadda aka tsawaita ta gefe biyu domin kare kujerun ƙasa, inda ƙwallo ke zuwa da ƙarfi. Wadda take kaiwa benen sama ta riga ta rage gudu, tana kuma ba mutum lokacin ganinta. Ƙa'idar ita ce duk lokacin da mai jifa ya ɗaga hannu, ido ya bar waya ya koma fili. Ya tafi da safarsa, domin ƙwallon da ta faɗa cikin 'yan kallo ta wanda ya kama ce, ba a karɓa, kuma manya da yawa sukan miƙa wa yaron da ke kusa da su. Abin da aka hana shi ne miƙa hannu cikin fili a taɓa ƙwallon da ake wasa da ita. A wasa na huɗu na gasar ƙarshe ta 2024, a wannan fili, an fitar da 'yan kallo biyu saboda sun ɓamɓare ƙwallo daga safar Mookie Betts na Los Angeles Dodgers bayan ya cafe ta a bakin katanga.

Bayan an tashi, tashar titi na 161 takan cika maƙil, ta saman da jirgi mai lamba 4 yake bi da ta ƙasan da B da D suke bi. Tun da gidanka yana kusa, ka riƙe hannun yaron ku haura ta titin 161 zuwa Grand Concourse da ƙafa, daga nan cunkoson yake raguwa. In kun tsayar da rana ka sanar da ni, in ina gari zan same ku a bakin ƙofa ta 6 mu shiga tare.